Kular da Ka Bari Wajen Mai Gadi

Zuwa ga Sadik, wanda 'yan Arewa mazauna Kuala Lumpur suka fi sani da Dogo,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a ƙasar da ka tafi, wadda har yau na kasa faɗin sunan garinku daidai, Hanifa na yi mini dariya. Mu nan Setapak lafiya ƙalau muke, sai zaman kulle da ya ƙi ƙarewa. Abban Hanifa yana gaishe ka. Antinka ce, Maman Hanifa, idan har yanzu ka yarda in kira kaina haka.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙarka a shafin da kowa yake karantawa. Na tura maka saƙo ta waya har sau uku bai shiga ba, layinka na nan ya mutu, kuma ka fita daga guruf ɗinmu na 'yan Arewa. Amma ko da ina da sabuwar lambarka, a nan ɗin zan rubuta. A gaban mutane na yi maka laifi, bai kamata in lallaɓa ta bayan fage in ba ka haƙuri ba. Ina sa ran a cikin masu karantawa za a samu wanda ya san inda kake, ya tura maka.

Kuma ina so ta fita kafin ranar Juma'a. An ce ranar ce kulob-kulob ɗin ƙwararrun 'yan ƙwallon kwando na can za su zauna su zaɓi matasa daga jami'o'i, ɗaya bayan ɗaya, kuma sunanka yana cikin waɗanda za a duba. Ban sani ba ko za a kira ka ko ba za a kira ka ba. Idan na bari sai an kira ka sannan na rubuta, kowa zai ce Maman Hanifa ta hango daɗi ne ta dawo, kai ma kana da ikon ka ce haka.

Kana tuna ranar da ka fara zuwa gidanmu? Abban Hanifa ne ya kwaso ka daga jami'arku ta Bukit Jalil, inda yake koyarwa, bayan an sauko daga Juma'a. Ya ce ga wani sabon ɗalibi daga Kaduna, sati uku ke nan shayi da burodi kawai yake ci, abincin garin ya ƙi karɓarsa. Sai da ka sunkuya kafin ka shigo ƙofar. Na dube ka daga sama har ƙasa, na ce a raina wannan tsawon da me ake riƙe shi, jiki duk ƙashi. Na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miya da kukar da nake tattali tun daga Kano. Ka ci malmala huɗu kanka a ƙasa. Da na ƙara maka ta biyar sai ka ce, a hankali, tun da mahaifiyarka ta rasu ba wanda ya taɓa ƙara maka abinci ba ka roƙa ba. Na shige kicin na yi kamar ina neman wani abu.

Ranar na zuba maka sauran a babbar kulata mai ruwan ƙasa, ka hau jirgin ƙasan cikin gari, LRT, da ita. Bayan sati ka dawo da ita a wanke tas, babu komai a ciki. Na buɗe, na kife ta, na tambaye ka ko a gidanku haka ake mayar wa mutane kwano wayam. Rabi wasa nake yi, amma kai ka ɗauka da gaske. Tun daga ranar kular nan ba ta sake dawo mini wayam ba. Wani lokaci 'ya'yan itacen nan rambutan, wani lokaci kayan zaƙin Indiyawan unguwar Brickfields da ba mai iya cinye su sai Hanifa. Idan wata ya yi nisa, albasa biyu. Akwai ranar da na buɗe na tarar da ƙwai ɗaya tal a naɗe cikin tishu, na yi dariya har na zauna a ƙasa. Shekara uku kular nan tana kan hanya tsakanin Setapak da Bukit Jalil, kuma duk zuwan da za ka yi sai ka leƙo kicin ka ce, "Anti, boleh tapau?" wato ko za a ƙunsa maka abinci ka tafi da shi, kamar ka shigo shagon mamak, gidan abincin Indiyawa Musulmi.

Ni da ƙwallon kwando kuwa, ka san yadda muka fara. Wasan farko da na je kallo, na ga ƙwallo ta faɗa raga na miƙe na rangaɗa guɗa, ashe abokan hamayya ne suka ci. Duk zauren ya juyo yana kallona, kai kuma kana tsakiyar fili ka dafa gwiwa kana dariya har kocinku ya daka maka tsawa. Daga baya na iya. Na san jifan maki uku, na san lokacin da alƙalin wasa ya zalunce mu, wani lokaci ma tun kafin ya yi. Mu mata muna jere a benci na uku da hijabanmu, yara na tsalle a gabanmu, Nura shugaban magoya baya, wanda ya zo yin digiri na uku amma ya fi ƙwarewa a ihu, yana dukan bokitin fenti a madadin ganga. Duk sanda ka jefa ta maki uku ta shiga, kafin ka juya da gudu sai ka ɗaga hannu ɗaya saitin bencinmu. Matan kowacce tana cewa da ita kake, ni dai ban taɓa yi musu musu ba, na san da wadda kake.

Bari in gaya maka abin da ba mu taɓa gaya maka ba. Ba ƙwallo kawai muke zuwa kallo ba. Ka san zaman ƙasar nan ga baƙar fata. Ka kira mai gidan haya yana ta fara'a a waya, ya gan ka ya ce an riga an kama. Ka zauna a jirgi, kujerar gefenka ta zauna ba kowa har ka sauka. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, akwai mutanen kirki da yawa, amma abin yana taruwa a zuciya. Sai ga mu a zauren wasa, ɗaliban Malay da 'yan China da Indiyawa sun haɗa baki suna ihun "Dogo boleh! Dogo boleh!", wato Dogo zai iya, da sunan da mu muka raɗa maka. Wata mata 'yar Malay ta taɓa kama hannuna bayan wasa ta tambaye ni ko ɗana ne. Na ce mata e, ban ko ƙifta ido ba.

Sai annoba ta zo. Kun ci wasan kusa da na ƙarshe a gasar jami'o'i, saura wasa ɗaya ku ɗauki kofin da jami'arku ba ta taɓa ɗauka ba, aka rufe komai. Aka ce sati biyu, aka ce wata, aka ɗan buɗe aka sake rufewa. Wasan nan ɗaya ya zama abin da muke riƙe da shi. Wanda karatunsa ya tsaya, da wadda aka yi mata rasuwa a gida ba ta samu jirgi ba, duk sanda hira ta yi nauyi a guruf sai wani ya ce ku bari a buɗe gari, Dogo zai ɗauko mana kofi. Kai kuma kana turo mana bidiyo kana buga ƙwallo kai kaɗai a wurin ajiye motoci, da takunkumin fuska a haɓa. Kula ta koma tafiya a bayan babur ɗin masu kai saƙo, amma ba ta fasa ba. Babu wanda ya tsaya ya tuna cewa shekara tana wucewa a jikinka kai ma, kuma ɗan wasa ba shi da shekaru da yawa na wasa. Ni ma ban tuna ba.

Wata ranar Talata da hantsi Nura ya turo hoton jerin sunayen waɗanda suka shiga zaɓen ƙwararru, ya zagaye naka da jan layi. Ya ƙara da bayanin cewa duk wanda ya sa sunansa ya bar wasan jami'a ke nan, ko an ɗauke shi ko ba a ɗauke shi ba. Guruf ya kama da wuta. Masu cewa ka ci amana, masu cewa ka hango duniya idonka ya rufe, masu cewa da ma sun lura kanka ya fara girma. Wani da ban taɓa ganinsa a zauren wasa ba ko sau ɗaya ya rubuta, "After all we did for this boy, haba!" Wani ya ce Allah ya sa kada a ɗauke ka, ka dawo ka same mu, aka samu masu sa masa alamar dariya. Kana cikin guruf ɗin, kana gani.

Ni ba kofin ne ya fi ƙona mini rai ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne a bakin Nura na ji. Mu a gidanmu ko Zariya mutum zai je ya kwana biyu, sai ya bi manya ɗaki-ɗaki ya durƙusa ya yi sallama, a sa masa albarka, a ƙulla masa guzuri, a raka shi bakin ƙofa. Kai za ka bar ƙasa, ka bar shekarar ƙarshe ta digiri, kuma kwana huɗu kafin nan na aika maka dambun shinkafa, ka kira ka yi godiya, muka yi hira, ba ka ce mini komai ba.

Na hau dokin zuciya. Abban Hanifa ya ce in ajiye wayar in kira ka tukuna, na ce ni ce babba, ba ni zan kira ba. Na danna na yi magana a guruf da muryata, kuma zan maimaita ta a nan don kada in rage wa kaina laifi. Cewa na yi, "Ku daina wahalar da kanku. Yaron da bai san sallama ba, bai samu mai koya masa ba ne tun daga gida." Na san mahaifiyarka ba ta da rai lokacin da na faɗa. Na sani sarai, kuma don na sani ne na zaɓi maganar. Kafin azahar muryar ta zaga Setapak ta kai Bukit Jalil. Kafin la'asar ka fita daga guruf.

Bayan kwana biyu, da la'asar, hadari ya haɗu, mai gadin gininmu ya kira ta wayar bango ya ce ina da baƙo, amma doka ta hana baƙi hawa, sai dai in sauko. Na leƙa ta baranda, ta bayan zannuwan gadon da na shanya. Ga ka nan tsaye a bakin get, ka kusa kai rumfar mai gadin tsawo, da takunkumi a fuska, da kulata a hannu. Wayata ta yi ƙara a kan tebur sau huɗu. Abban Hanifa yana ɗaki yana koyar da ɗalibai ta kwamfuta, bai san abin da ake ciki ba. Na tsaya ina kallonka ta tsakanin shanya, ina ce wa kaina sai yanzu ka tuna hanya, bayan duniya ta ji. Ka daɗe a tsaye. Ka ɗaga hannu sama sau ɗaya, na ɗauka yayyafi kake karewa. Sannan ka ajiye kular a teburin da ake ajiye saƙonni, ka shiga motar da ke jiranka.

Ka san fassarar da na yi wa kular? Na ce ya dawo mini da kayana, wato ya yanke hulɗa, babu sauran abin da ya haɗa mu. Abban Hanifa ne ya hauro da ita washegari, ya feshe bayanta da magani kamar yadda ake yi wa kowane saƙo, na ce ya ɗora ta can saman firji. Sati bakwai tana nan. Kullum ina ganinta idan zan ɗauki ruwa, kullum ina ɗauke kai. Ni da na koya maka ba a mayar da kwano wayam, ni ce na manta.

Shekaranjiya maƙwabciyarmu ta dawo daga asibiti da jariri, ba mai shiga wurinta saboda doka. Na dama mata kunun kanwa, na yi farfesu, na rasa abin zuba farfesun. Na taka kujera na sauko da kular. Da na buɗe sai ga rigarka ta wasa mai lamba goma sha huɗu, an ninke ta ƙanana an danna ta ciki, da dabino a leda, da takarda a sama da rubutun nan naka mai kama da tafiyar tururuwa.

Ka rubuta cewa ka zo sallama. Ka ce ka so in fara ji daga bakinka, ido da ido, shi ya sa ba ka faɗa a waya ba. Kana jiran takardar izinin ƙetarowa daga Bukit Jalil ne, ba ka san za a fitar da sunayen da wuri haka ba. Ka ce ka yi kuskure, in yafe maka. Abin da na faɗa a guruf kuwa ba ka ambace shi ba ko da kalma ɗaya. A ƙarshe ka ce, "Jirgina jibi ne. Anti, idan kin huce ki kira ni, ba na so in taka ƙasar mutane ba tare da albarkarki ba."

Na zauna a kan kujerar da na taka, da rigar a cinyata, har farfesun ya huce. Wato abin da na zage ka a kansa, shi ne ya sa ka yi shiru. Ka riƙe maganar ne don ka zo ka durƙusa ka faɗa mini yadda ake yi a gida, ni kuma na kasa jiran kwana biyu. Ranar tafiya ka riƙe wayarka kana jira, ko ba haka ba? Wannan ne yake hana ni sukuni, ina ta hango ka a filin jirgi kana duba waya.

Na kai wa mai jego abincinta a wani kwanon, na ajiye mata a ƙofa. Daga nan ban koma gida ba, na sauka get. Na tsaya daidai inda ka tsaya, gefen teburin saƙonni, na ɗaga kai. Sadik, ashe daga nan ana ganin barandarmu tarwai. Hawa na biyar ne kawai. Har maƙalan shanya ina iya ƙirgawa. Na ga tazarar da ke tsakanin zannuwa, na ga daidai inda mutum zai tsaya ya ɗauka ya ɓuya. Ka gan ni ranar nan. Hannun da ka ɗaga ba yayyafi kake karewa ba, hannun benci na uku ne, kuma ban mayar maka ba. Mai gadi ya tambaye ni ko lafiya, na ce masa ƙura ce ta shigar mini ido, a garin da ake ruwa kusan kullum.

Ba zan yi maka ƙarya ba, har yanzu da za a tambaye ni, da na ce ka ƙarasa digirinka tukuna. Da na sauko ranar nan da mun yi wannan faɗan a bakin get, da na yi ta mita ta cikin takunkumi har ruwa ya kore mu, sannan in sa maka albarka. Wannan faɗan ne nawa, kuma da hannuna na zubar da shi. Amma kofin nan mu ne muke buƙatarsa fiye da kai. Mun ɗora maka kewar gidanmu da takaicin zaman baƙunta, muka ce ka tsaya wuri ɗaya har sai mun huce, gwiwarka da ƙuruciyarka kuma ko oho. Har yau ba a buga wasan ƙarshen ba, ba wanda ya san ranar bugawa. Da ka saurare mu, da yanzu kana nan a wurin ajiye motoci kana buga ƙwallo da bango.

Guruf kuwa ya fara sauya murya. Tun da aka ji Juma'a ce, tsofaffin bidiyonka suka dawo, ana rubuta "yaronmu" a ƙasa. Nura har yana tambaya ko akwai wanda ya san tashar da za a nuna. Kada ka riƙe su a rai, Dogo. Suna sonka, irin son 'yan kallo, mai hawa da sauka. Ni ce ba ni da wannan uzurin, don ba 'yar kallo ka ɗauke ni ba.

Ina kewarka. Ina kewar sunkuyon nan a bakin ƙofa, da takalmanka da suke cinye rabin tabarmar shiga, da yadda kake sauko mini da kaya daga saman kabad ba tare da ka taka komai ba. Ranar Juma'a har yanzu hannuna yana auna shinkafar mutum shida, alhali mu uku ne. Hanifa ta daɗe da daina tambayata ina kake. Da ta ga rigar, ta ɗauka ta rataye a ƙofar ɗakinta.

Ka yafe mini abin da na faɗa a kan tarbiyyarka. Wadda ta haife ka ta koya maka sallama, ta kuma koya maka yin shiru idan babba ya yi wauta. Allah ya jiƙanta, ya kai haske kabarinta. Ka yafe mini rashin saukowa.

To, ga abin da ka zo nema a bakin get, ya makara da sati bakwai. Na sallame ka, Sadik. Allah ya yi maka albarka. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare gwiwoyinka da idon sawunka, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya ba ka mai ƙara maka abinci ba ka roƙa ba. Idan alheri ne a kira sunanka ranar Juma'a, Allah ya sa a kira shi da wuri. Idan ba a kira ba, kada ka ji kunyar kowa a garin nan, ka dawo, ƙofar da kake sunkuya mata tana nan. Allah ya yaye mana wannan annoba, ya sada fuskokinmu da alheri. Amin.

Na wanke kular, amma ban mayar da ita saman firji ba, don yanzu ni ce da aike. Na yi dambun nama, irin wanda yake jure doguwar hanya, na cika ta har murfi yana ƙin rufuwa. Guzurinka ne da ban ba ka ba. Ka turo mini adireshi, ko ka zo ka ɗauka da kanka. Idan ka zo, ko ana ruwa, ba sai mai gadi ya kira sau biyu ba. Zan sauko.

Ni ce mai kewarka,
Antinka, Maman Hanifa
Setapak, Kuala Lumpur